Gida da Lafiyar Yaro: Tarihin Tallafin Muhalli ga Marasa Galihu a Amurka

A yau shirin zai waiwayi tarihi ne, domin duba wata tambaya da likitoci da masana tattalin arziki suka shafe fiye da shekaru 100 suna kai-komo a kanta. Tambayar ita ce, shin idan hukuma ta taimaka wa talaka da wurin zama, 'ya'yansa za su ƙara samun lafiya? Da jin haka wani zai ce ai wannan ba sai an yi bincike ba, kowa ya san gida mai kyau ya fi kango. To amma kamar yadda za mu ji nan gaba, an taɓa gina gidaje sababbi ƙal, aka kwashe talakawa aka zuba a ciki, daga baya aka tarar an gudu ne ba a tsira ba. Akasarin labarin namu a ƙasar Amurka ya faru, domin a can ne aka fi gudanar da gwaje-gwaje a kan wannan batu, amma za mu ɗan ratsa ta Birtaniya da Meziko.

Bari mu faro daga birnin New York a ƙarshen ƙarni na 19. A wancan lokaci baƙi 'yan ci-rani daga Turai suna ta kwarara cikin birnin, kuma mafi yawansu kan sauka ne a wasu dogayen gidajen haya da aka yanyanka su ƙananan ɗakuna. Da yawa daga cikin ɗakunan ba su da ko taga, ban-ɗaki kuwa a tsakar gida yake, iyalai da dama ke amfani da shi. Tarin fuka ya samu wurin zama, gudawa kuma tana ɗauke jarirai duk lokacin zafi. A shekarar 1890 wani ɗan jarida haifaffen Denmark mai suna Jacob Riis ya wallafa littafi ɗauke da hotunan da ya ɗauka a cikin waɗannan ɗakuna, abin da ya tayar da hankalin masu hannu da shuni waɗanda ba su taɓa taka ƙafa a unguwannin ba. A shekarar 1901 jihar New York ta kafa doka cewa duk sabon gidan haya dole kowane ɗaki ya samu taga, kowane iyali kuma ya samu ban-ɗakinsa. Tunanin masana a lokacin shi ne, cutar a jikin ginin take. A gyara gini, yaro ya samu lafiya.

Gwamnatin tarayya ba ta shigo cikin harkar gadan-gadan ba sai a zamanin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930. A jawabinsa na kama mulki karo na biyu a watan Janairun 1937, shugaba Franklin Roosevelt ya ce kashi ɗaya bisa uku na al'ummar ƙasar ba su da muhallin kirki, ba su da suturar kirki, ba su kuma samun isasshen abinci. A wannan shekara aka kafa dokar gidaje wadda ta ba wa hukumomin birane kuɗi su gina gidajen gwamnati domin masu ƙaramin ƙarfi. Ƙidayar 1940 ta nuna girman matsalar, domin kimanin kashi 45 cikin 100 na gidajen Amurka ba su da cikakken tsarin famfo da ban-ɗaki da wurin wanka. Wata dokar ta 1949 ta ƙara da alƙawarin gina gidaje 810,000 cikin shekaru shida.

To sai dai tun kafin nan wani gargaɗi ya riga ya fito daga Ingila, ko da yake ba kowa ya saurare shi ba. A garin Stockton da ke arewa maso gabashin ƙasar, hukuma ta rushe wani ɓangare na wata unguwar talakawa a shekarar 1927, ta mayar da mazauna wurin wasu sababbin gidaje masu iska da haske da ruwan famfo. Babban likitan garin, Dakta George M'Gonigle, ya ci gaba da bin diddigin waɗanda aka kwashe da waɗanda aka bari a tsohuwar unguwa. Abin mamaki, sai ya ga mace-mace sun ƙaru a tsakanin waɗanda suka koma sababbin gidajen. Da ya duba yadda iyalan ke kashe kuɗinsu sai ya gano bakin zaren. Kuɗin haya ya kusa ninkawa, albashi kuwa yana nan inda yake, saboda haka daga tukunya aka riƙa cire cikon. An rage madara, an rage nama, yara suna kwana a ɗaki mai kyau da ciki ba komai. Wannan darasi na Stockton za mu sake cin karo da shi.

A Amurka kuwa, gidajen gwamnati na farko sun yi abin da aka gina su dominsa. Wani bincike da masana na jami'ar Johns Hopkins suka gudanar a birnin Baltimore a shekarun 1950, aka kuma wallafa shi a 1962, ya kwatanta iyalan da suka samu shiga sababbin gidajen gwamnati da takwarorinsu da suka ci gaba da zama a ruɓaɓɓun gidaje. An samu raguwar rashin lafiya da haɗurra a tsakanin yaran da suka ƙaura.

Amma tafiya ba ta yi nisa ba al'amura suka fara lalacewa. Yadda aka tsara abin shi ne, gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini, gyara da kula da gidajen kuwa daga kuɗin haya za a riƙa yin su. Da masu ɗan abin hannu suka fara ficewa zuwa unguwannin bayan gari, masana'antu kuma suka bi su, sai aka bar matalauta zalla, kuɗin shiga ya ragu, gyara ya tsaya. Ga kuma wariyar launin fata, domin a birane da yawa da gangan aka riƙa gina gidajen a unguwannin baƙar fata kaɗai. Alal misali, a birnin St. Louis an buɗe rukunin gidaje na Pruitt-Igoe a 1954, benaye 33 kowanne mai hawa 11. Ba a cika shekaru 20 ba aka fara tarwatsa su da nakiya a 1972. A Chicago, rukunin Robert Taylor da aka kammala a 1962 yana da benaye 28 masu hawa 16, kuma ya taɓa ɗaukar mutane kimanin 27,000, akasarinsu yara. Na'urar hawa bene ta lalace a bar ta, bututun ruwa ya fashe a bar shi, 'yan daba da masu sayar da ƙwaya suka mamaye matattakala. A shekarar 2007 aka rushe na ƙarshe daga cikin benayen.

To masu sauraro, a nan ya kamata mu ɗan tsaya mu tambaya, wai shin mene ne takamaimai a cikin gida yake cutar da yaro? Abu na farko da kimiyya ta tabbatar shi ne gubar dalma. Shekara da shekaru ana zuba dalma a cikin fenti domin ya yi ƙarko ya kuma yi sheƙi. Idan fentin ya tsufa sai ya riƙa ɓarewa, kuma duk sa'ad da aka buɗe taga ko ƙofa yana gogewa ya zama ƙura. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini. Ɓawon fentin ma yana da ɗan zaƙi, don haka yara kan tsince shi su ci. Tun a 1904 wani likita a Ostareliya, Lockhart Gibson, ya danganta ciwon yara da fentin gidajensu, kuma wasu ƙasashen Turai irin su Faransa sun taƙaita amfani da shi tun farkon ƙarni na 20. Amurka ba ta haramta shi a gidajen zama ba sai a 1978.

Shekara guda bayan haka, wato a 1979, wani likita mai suna Herbert Needleman ya fito da sakamakon da ya sauya tunanin duniya. Ya tattara haƙoran da 'yan firamare suka famfare a wasu garuruwa biyu kusa da Boston, ya auna dalmar da ke cikinsu. Yaran da aka samu dalma da yawa a haƙoransu sun fi samun ƙarancin maki a gwajin basira, malamansu kuma sun fi kukan ba sa natsuwa a aji, alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Ma'ana dai, dalma tana cin ƙwaƙwalwa a ɓoye tun kafin a ga alama. A shekarun 1960 sai dalma ta kai maikrogiram 60 a kowane desilita na jini ake ɗaukar ta a matsayin matsala. A 1991 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauko da ma'aunin zuwa 10, a 2012 zuwa 5, a 2021 kuma zuwa 3.5, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce babu wani adadi da za a ce ba shi da illa. Masu sauraronmu ba baƙin wannan guba ba ne, domin ita ce ta kashe yara aƙalla 400 a jihar Zamfara a 2010, lokacin da aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

A nan tallafin gwamnati ya yi rana, saboda gidan da ake biya da kuɗin hukuma dole a duba shi kafin a shiga, kuma wata doka ta 1992 ta tsaurara sharuɗɗa a kan dalma. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa yaran da ke zaune a gidajen tallafi suna da ƙarancin dalma a jini idan aka kwatanta su da 'ya'yan talakawa irinsu da ba su samu tallafin ba. Amma a wannan shekarar ce kuma aka umarci mutane fiye da 1,000 su tashi daga wani rukunin gidajen gwamnati a garin East Chicago na jihar Indiana, bayan an tabbatar da cewa a kan filin tsohuwar masana'antar narka dalma aka gina shi, kuma yara sun yi shekaru suna wasa a cikin ƙasar wurin.

Abu na biyu shi ne cutar asma. A 1997 wani babban bincike da ya shafi yara 476 a unguwannin talakawa na wasu manyan biranen Amurka ya auna ƙurar ɗakunan kwanansu. An gano cewa yaran da jikinsu ba ya shiri da kyankyaso, kuma ɗakinsu ke cike da kashinsa da ɓurɓushin jikinsa, ana kwantar da su a asibiti kimanin sau uku fiye da sauran. Haka nan fitsarin ɓera da fumfunar da ke fitowa a bango mai danshi suna tayar da ciwon. Duk waɗannan kuwa suna yawaita ne a inda rufi ke yoyo, bango ya tsage, mai gida kuma ya ƙi gyara.

Yanzu bari mu koma kan tarihinmu. A shekarar 1966 wata mata baƙar fata mai fafutuka, Dorothy Gautreaux, tare da wasu mazauna gidajen gwamnati, suka kai hukumar gidaje ta Chicago ƙara bisa zargin nuna wariya. Allah bai nufa ta ga ƙarshen shari'ar ba, domin ta rasu a 1968. A 1976 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya buɗe hanyar mayar da iyalai zuwa unguwannin bayan gari, kuma daga lokacin zuwa 1998 iyalai kimanin 7,100 suka ƙaura a ƙarƙashin shirin da ke ɗauke da sunanta. Wani masanin zamantakewa na jami'ar Northwestern, James Rosenbaum, ya bi sawun wasu daga cikin yaran, ya ga waɗanda aka kai bayan gari sun fi kammala sakandare da shiga jami'a nesa ba kusa ba. Daga nan wani sabon tunani ya kunno kai, cewa wataƙila ba ginin ne kawai ba, har da unguwar da yake ciki.

A daidai wannan lokaci gwamnati ta sauya salo. A 1973 shugaba Richard Nixon ya dakatar da sababbin ayyukan gidajen tallafi, a 1974 kuma aka kafa shirin da har yau jama'a ke kira Sashe na 8. Maimakon hukuma ta gina gida, sai ta ba iyali takardar tallafin haya su je su nemi gida a kasuwa. A tsarin da ake bi yanzu, iyalin su biya kimanin kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu, hukuma ta cika sauran kai tsaye ga mai gida, har zuwa wani iyaka. Idan mai sauraro ya tuna da labarin Stockton zai ga hikimar wannan tsari, domin an ɗaure kuɗin haya da ƙarfin aljihu, ta yadda gida ba zai cinye abinci ba.

Likitocin yara a Boston sun ga wannan da idonsu. Dakta Deborah Frank, wadda ta buɗe wani sashe na musamman domin yara masu tamowa a 1984, ta lura tare da abokan aikinta cewa a watanni uku da ke biyo bayan tsananin sanyi, yawan yaran da ake kawowa asibiti a rame yana ƙaruwa. Dalili kuwa, iyaye kan rage cefane domin su biya kuɗin ɗumama ɗaki. A 2005 wannan rukuni na likitoci ya wallafa wani sakamakon da ya nuna cewa a tsakanin iyalan da ke fama da ƙarancin abinci, 'ya'yan masu tallafin haya sun fi nauyin jiki daidai da shekarunsu fiye da 'ya'yan waɗanda ba su da shi.

To amma masana ba su gamsu ba. Suka ce ai mai yiwuwa iyalan da suka yi ta zirga-zirga har suka samu tallafi, ko suka yarda suka ƙaura, dama can sun fi himma, don haka ko ba tallafi 'ya'yansu za su fi. Hanya ɗaya ta raba gardama ita ce irin wadda ake bi wajen gwajin sabon magani, wato a jefa ƙuri'a. Haka aka yi. Daga 1994 zuwa 1998 ma'aikatar gidaje ta Amurka ta gudanar da gwajin da aka sa wa suna Moving to Opportunity, ma'ana ƙaura zuwa inda dama take. Iyalai kimanin 4,600 daga gidajen gwamnati mafiya talauci a Baltimore da Boston da Chicago da Los Angeles da New York suka shiga, akasarinsu mata ne ke riƙe da gida. Ƙuri'a ta raba su gida uku. Kashi na farko an ba su takardar da ba ta aiki sai a unguwar da matalautanta ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, tare da mai ba da shawara. Kashi na biyu an ba su takardar da za su iya kaiwa ko'ina. Kashi na uku ba a ba su komai sabo ba. Da aka tambayi iyayen dalilin shigarsu, kusan uku bisa huɗu suka ce so suke su raba 'ya'yansu da 'yan daba da ƙwaya. Kuma ko a kashi na farkon, kusan rabi ne kawai suka iya samun gida suka ƙaura.

Masu shirin sun sa ran iyaye za su samu aiki, makin yara kuma ya tashi a makaranta. Ko ɗaya bai samu yadda aka zata ba, har wasu suka fara cewa an yi asarar kuɗi. Sai ga amfani ya ɓullo ta inda ba a fi sa ido ba, wato ta fannin lafiya. Sakamakon farko daga Boston ya nuna raguwar raunuka da tashin asma a tsakanin yaran da suka ƙaura. A 2011 kuma aka wallafa cewa bayan shekaru 10 zuwa 15, matan da aka ba takardar ƙaura zuwa unguwa mai sauƙin talauci sun fi ƙarancin ciwon sukari da matsananciyar ƙiba, da bambancin kimanin mutum 4 a cikin kowane 100. Damuwa ma ta ragu a tsakaninsu. Ita kuwa lafiyar uwa, kowa ya san ba ta rabuwa da ta ɗanta.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Da aka raba sakamakon matasa tsakanin mata da maza, sai aka ga hanya ta rabu biyu. 'Yan mata sun samu sauƙin damuwa da fargaba, samari kuwa ba su samu ba, a wasu fannonin ma halinsu ya ƙara taɓarɓarewa. Masu binciken da suka zauna suka yi hira da matasan sun kawo bayani. Su 'yan matan sun tsira daga tsangwama da cin zarafin da suke fuskanta kullum a tsohuwar unguwa. Samarin kuwa an raba su da kawunnai da sauran mazan da ke tsawata musu, kuma al'adarsu ta zaman dandali a bakin titi, wadda ba kowa ya damu da ita a can ba, a sabuwar unguwa sai ta riƙa jawo musu idon maƙwabta da 'yan sanda.

Shekaru suka shuɗe, yaran suka girma, labari ya sake juyawa. A 2016 masana uku na jami'ar Harvard, Raj Chetty da Nathaniel Hendren da Lawrence Katz, suka duba takardun harajin yaran bayan sun zama manya. Waɗanda suka ƙaura zuwa unguwa mai sauƙin talauci kafin su cika shekaru 13 suna samun kuɗi da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 31 cikin 100, sun kuma fi shiga jami'a. Waɗanda suka ƙaura bayan sun haura 13 ba su ci wannan riba ba. A 2019 kuma wani likita na Johns Hopkins, Craig Pollack, da abokan aikinsa suka bi bayanan asibitoci, suka ga waɗanda iyayensu suka samu takardar tun suna yara an fi ƙarancin kwantar da su, da kimanin kashi 15 cikin 100. Abin da wannan ke nunawa shi ne, unguwa kamar abinci take, a hankali take gina jiki, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Domin adalci, akwai sakamakon da bai yi daɗi haka ba. A 1997 birnin Chicago ya buɗe rajistar takardun haya, iyalai fiye da 82,000 suka nema, aka jera su ta hanyar ƙuri'a. Da masana suka bi 'ya'yan iyalan da dama can a gidajen haya na kasuwa suke, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba a karatu ko zuwa asibiti. Akasarin iyalan ba su yi nisa ba, sun kama haya ne a unguwanni masu kama da waɗanda suka baro, wani lokaci saboda masu gidaje a unguwanni masu kyau ba sa karɓar takardar.

Wani bincike na baya-bayan nan ya ƙara haske a kan yadda unguwa ke shiga jikin yaro. A 2023 Dakta Pollack da tawagarsa suka wallafa sakamakon bin yara 123 masu asma a Baltimore, waɗanda wani shirin tallafi ya taimaka wa iyayensu suka koma unguwanni masu sauƙin talauci. Tashin ciwon mai tsanani ya ragu da fiye da rabi bayan ƙaura. Kuma da aka nemi dalili, raguwar ɓera da kyankyaso ba ta yi bayanin sauƙin ba kamar yadda raguwar tashin hankali ta yi. Samun kwanciyar rai da jin cewa unguwa lafiya take ya ɗauki kimanin kashi ɗaya bisa uku na sauƙin da aka samu. Likitoci sun daɗe da sanin cewa zaman ɗar-ɗar yana sa jiki ya riƙa fitar da sinadaran fargaba ba ƙaƙƙautawa, su kuma suna rikita garkuwar jiki da hanyoyin numfashi.

Saura abu guda, shi ne zama wuri ɗaya. Daga 2010 zuwa 2012 ma'aikatar gidaje ta sake yin gwaji da ƙuri'a, a wannan karo da iyalai kimanin 2,300 da ke kwana a matsugunan marasa gida a yankuna 12. Bayan shekaru uku, waɗanda aka ba takardar haya ta dindindin sun fi ƙarancin komawa titi, yunwa ta ragu a gidajensu, dukan mata ya ragu, yara kuma ba sa yawan sauya makaranta.

Duk da wannan tarin hujjoji, tallafin haya a Amurka ba haƙƙi ba ne da kowane mabuƙaci ke samu. Iyalai fiye da miliyan 2 ne ke riƙe da takardar, kuma idan aka haɗa dukkan nau'o'in tallafin, kimanin iyali ɗaya ne cikin huɗu da suka cancanta ke samu. Sauran suna kan layi, a wasu biranen har na tsawon shekaru. Idan muka haɗa wannan da abin da aka gano game da shekaru 13, za mu ga inda matsalar take, domin yaro ba ya daina girma don iyayensa suna jiran layi.

Ga ƙasashe masu tasowa kuwa, misalin Meziko ya fi kusa da mu. Daga shekarar 2000 jihar Coahuila ta fara zuba wa talakawa daɓen siminti a ɗakunan da ke da daɓen ƙasa, a kan kimanin dala 150 kowane gida. Masana suka kwatanta yaran birnin Torreón da na garuruwan da ke maƙwabtaka da shi a wata jihar da shirin bai kai ba tukuna. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa idan aka daɓe gida gaba ɗaya, tsutsar ciki na raguwa da kashi 78 cikin 100, gudawa da kashi 49, ƙarancin jini kuma da kashi 81. A nahiyarmu ta Afirka ma, wani bincike na 2020 da ya tattara bayanan yara fiye da 800,000 a ƙasashe 33 ya nuna cewa yaran da ke zaune a ingantattun gidaje sun fi ƙarancin zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tsumburewa.

Kafin mu rufe, ga 'yan kalmomi ga 'yan uwanmu mazauna ƙetare. A watan Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale na Ingila, kuma binciken kotu a 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar da ke bangon gidansu na tallafi ce ta yi ajalinsa, bayan mahaifinsa ya sha kai kuka. Wannan ya haifar da dokar da ake kira Dokar Awaab, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 2025, ta kuma tilasta wa masu gidajen tallafi a Ingila su binciki ƙorafin danshi da fumfuna cikin kwanakin aiki 10. Saboda haka wanda ya ga bangonsa ya yi baƙi, kada ya yi kawaici, ya rubuta ƙorafi ya kuma ajiye kwafi. A Amurka kuwa, duk wanda zai kama hayar gidan da aka gina kafin 1978, doka ta wajabta wa mai gida ya sanar da shi abin da ya sani game da fentin dalma, kuma yaran da ke ƙarƙashin inshorar Medicaid ana auna jininsu a wata 12 da wata 24. Kada a bari wannan gwaji ya wuce.

To jama'a, idan muka tattara abin da wannan tarihi ya koyar, za mu ga tallafin muhalli yana taimakon lafiyar yaro ne idan ginin ba ya ɗauke da guba, kuɗin haya bai cinye na cefane ba, unguwar tana da kwanciyar hankali, kuma taimakon ya iso tun yaron yana ƙarami. Inda aka rasa ɗaya daga cikinsu, kamar a Stockton ko Pruitt-Igoe, yara ne suka ɗanɗana kuɗarsu. A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Muna maraba da wasiƙunku da tambayoyinku, musamman a kan halin da gidajen haya ke ciki a inda kuke zaune. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.